Duwatsun Yaya Umayal

Idan ka zo ƙauyenmu ka tambayi wanda ya kawo noman ciyawar teku, za a nuna maka Malaisami. Shi ma zai nuna maka kansa tun kafin ka tambaya. To ƙarya ce. Ni Sornam shekarata ashirin da biyu a cikin ruwan nan har wuya, kuma sau ɗaya tak na taɓa ganin farin zanen da Malaisami yake ɗaurawa irin na mazanmu ya jiƙe sama da gwiwa, zan zo kan wannan. Mai aikin ita ce matar wansa, Yaya Umayal.

Tana da shekara goma sha ɗaya uwarta ta fara sa ta a kwalekwale zuwa tsibirai. A lokacin ba noma ciyawar ake yi ba, cirowa ake yi daga jikin duwatsun ƙarƙashin ruwa. Mace ta naɗe yatsunta goma da tsumma, ta ɗaure da roba, ta ɗaura buhu a ƙugu, ta ja numfashi ta nutse. Har yau in ka kalli hannun Yaya Umayal za ka ga yatsun sun karkace, farce biyu babu su. Kunnenta na hagu kuwa tun tana amarya ruwa ya toshe shi, shi ya sa duk mai son gulmarta ya san ta hagu ake tsayawa. Mijinta ya fita kamun kifi wata shekara bai dawo ba, ya bar ta da 'ya'ya mata uku, kuma da ciyawar nan ta ciyar da su ta aurar da su.

Da hukuma ta hana shiga tsibirai, sai aka kawo mana wata baƙuwar ciyawa mai kauri, mai rassa kamar ɗanyar citta. Gora huɗu ake haɗawa, a ja igiyoyi a tsakani, a ɗaura gutsattsarin ciyawar a jiki, a tura kan ruwa. Gado muke ce masa. Bayan kwana arba'in da biyar a jawo a girbe, a shanya a kan yashi, a ware kaɗan a sake ɗaurawa, wannan kaɗan ɗin shi ne iri. Maza suka zo suka leƙa, suka kwashe da dariya, wai aikin ƙulle-ƙulle kamar masu kitso. Suka koma rumfar shayi suka bar mu.

Wahalar abin tana cikin kwanakin wuta, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayu. Teku sai ta kwanta luf, iska ta ɗauke, ruwa ya yi garau ya yi ɗumi kamar shayin da aka manta a kofi. Ciyawar da ke sama sai ta koɗe, ta yi fari, ta yi laushi, ta zube. Ƙauyukan gabas da yamma duk shekara haka suke rasa irinsu. Mu kam ba mu taɓa rasawa ba, saboda duwatsun Yaya Umayal.

Tana da wani guntun farantin tangaran fari da ta huda ta sa wa zare. Kullum da hantsi sai ta saki guntun nan cikin ruwa tana kallo. In ya yi nisa ƙasa tana ganinsa, ta san ruwa ya yi garau, rana tana ratsa shi, sai ta ƙara dutse a kowace kusurwar gado har ya nutse kamu ɗaya ko biyu. In ruwa ya gurɓace guntun ya ɓace da wuri, sai ta rage dutse gadon ya taso. Ba wanda ya koya mata. Na taɓa tambayarta, ta ce, "Ke Sornam, ciyawar nan haske take ci, amma ba ta son ɗura. Ki riƙa kallon launinta, ita za ta gaya miki ta ƙoshi ko yunwa take ji."

Shekara goma sha takwas irinta bai yanke ba. Duk watan Yuni matan ƙauyuka huɗu suna zuwa da kwanduna su karɓa a wurinta. Abu ɗaya ne muke yi mata dariya a kai. Duk shekara kafin kwanakin wuta sai ta tura kwalekwale ita kaɗai can bayan gadaje, inda tsohon ƙarfen tsayar da jirgin mijinta yake kwance a ƙasan ruwa, ta yi nutso biyu ko uku ta dawo. Mukan ce ta je gaishe da maigida.

To, sai ciyawa ta yi daraja. Motoci suka fara zuwa har bakin yashi suna lodi. Nan take mazan rumfar shayi suka gano ashe tun asali su ma suna ƙaunar ciyawa. A daidai lokacin wata ƙungiya ta turo mana wata 'yar birni daga Cennai, yarinya mai hankali, ba zan yi mata ƙarya ba, da tabarau da jaka da niyya mai kyau. Aka tara mu a ƙarƙashin dalbejiyar da ke gaban ɗakin bauta. Ta ce sun zo da shiri na daidaito tsakanin maza da mata, domin macen da ke wahala a ruwa ita ma a ji muryarta.

Kafin ta rufe baki Malaisami ya miƙe. Mutumin nan ba masunci ba ne, ba manomi ba ne, abin da ya mallaka babur ne da agogo mai ruwan zinariya da murya. Ya gyara zane ya ce, "Ranki ya daɗe, kin zo da maganar da na daɗe ina yi a garin nan. Daidaito! Tunda daidaito ne, kwamiti ya zama rabi mata rabi maza, kada a zalunci kowa."

'Yar birni ta duba takardarta, ba ta ga inda aka hana ba. Aka zaɓi maza biyar, har da mijina, da mata biyar, har da ni da Yaya Umayal a matsayin shugabar mata. Shugaba sai mai babur, don shi zai riƙa zuwa ofis. Cikin mata biyar ɗin kuma aka sa matarsa Banumadi, wadda ko kifi za ta saya a bakin teku sai da lema, don kada rana ta taɓa mata fuska.

Yaya Umayal ta juyo da kunnen dama ta ce, "Kai ƙanin miji, a cikin ruwan ma rabi da rabi ne? In haka ne gobe ka zo da tsohon wando."

Aka yi dariya. Ya ce, "Haba Yaya, kowa da ɓangarensa mana. Ku ruwa, mu tudu. Ai shi ne daidaiton."

Shirin ya zo da wani sabon abu. Aka gina mana kwami biyu na siminti a bayan gari, dogaye marasa zurfi, aka zuba ruwa, aka zuba wata gansakuka mai laushi wadda ido ba ya ganin ƙwayarta, sai dai ruwan ya yi kore shar. Wai ana tacewa a busar a yi garin ƙarin jini. Aikinta a riƙa juya ruwan da filafili don kowace ƙwaya ta samu rabonta na rana. 'Yan matan gari aka ba aikin, Yaya Umayal tana duba su. Cikin sati biyu ta gane halin abin, ta ce da tsakar rana kawai a ja tsohuwar raga a kai, sauran yini a bar ta ta sha haske.

Malaisami ya zo wucewa a babur ya ga 'yarsa da filafili a cikin rana. Tabɗi! Ranar ƙauye ya ji murya. Wai za a mayar masa da 'ya baƙa ƙirin, wa zai zo neman aurenta? Wai kuma samari suna tsayawa a hanya suna kallon 'yan mata sun tattare zane. A matsayinsa na mai kare mutuncin mata, kwamiti zai yi wa kwamin rumfa. Ba rumfar wasa ba, ganyen giginya ninki uku a sama, gefe huɗu kuma aka kewaye ruf, aka bar 'yar ƙofa. In ka shiga sai ka lalubi filafilin da hannu.

Yaya Umayal ta ce masa, "Malaisami, abin nan da rana yake rayuwa. Ka sa shi a ɗaki kamar mai jego."

Ya ce, "Yaya, inuwa ta taɓa kashe wani? Ke dai kin saba da wahala ne, har kin ɗauka ita ce ilimi."

Ana cikin haka takarda ta zo, ana gayyatar shugabar mata zuwa Madurai, taron bita na sati guda, inda za a koya wa matan karkara yadda ake magana a gaban jama'a. Yaya Umayal fa! Matar da in ta kira sunanka daga cikin ruwa sai karnukan ƙauyen gaba sun amsa. Ta ce ba za ta je ba, kwanakin wuta sun shigo. Malaisami ya ce in ba ta je ba za a ce matan garinmu ba sa son ci gaba, a janye shirin. 'Ya'yanta suka lallashe ta, suka saya mata sabon sari. Ranar Lahadi da za ta hau bas ta kama hannuna ta ce, "Sornam, duwatsuna. Kada ki bari ko ɗaya ya kwance." Na ce ta tafi hankali kwance.

Washegari Malaisami ya kira taro. Wani babban mutum zai zo ranar Talata ya buɗe shirin, da masu ɗaukar hoto. Ya kai mu bakin teku ya nuna ruwa ya ce, "Ku duba. Me kuka gani?"

Muka ce ruwa.

Ya ce, "To shi ma baƙon abin da zai gani ke nan. Gado sittin aka rubuta, ya zo ya ga ruwa zalla? Ai sai ya ce mun cinye gorar. A yanke duwatsun nan, gadaje su taso, a kafa musu tutoci. Kwana ɗaya ne."

Na ce, "Yallaɓai shugaba, yanzu fa kwanakin wuta ne. Irin gari gaba ɗaya yana kan gadajen nan."

Ya ce, "Madalla, an ji muryar mace. Yanzu a ɗaga hannu."

Maza biyar suka ɗaga. Banumadi ta sauya wa lema hannu ta ɗaga nata. Shida ke nan. Mu uku muka tsaya kamar itace, ta huɗunmu tana Madurai tana koyon magana. Na buɗe baki zan ƙara, mijina ya yi mini wani kallo, na haɗiye. Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro, kuma har yau in na tuna kunya nake ji. Da na shiga ruwa na zauna a kan gadon nan, wa zai ɗaga ni? Amma ban yi ba. Aka ɗauko samari biyu masunta da wuƙa, kafin azahar duwatsun da Yaya Umayal ta tara shekara da shekaru suna ƙasan teku, gadaje sittin suna sama suna ƙyalli da tutoci ja da rawaya. Wallahi sun yi kyau a ido.

Babban mutum bai zo Talata ba. Aka ce Laraba. Laraba aka ce Alhamis. Kullum na je wurin Malaisami in ce a bari mu nemo wasu duwatsun, sai ya ce, "In kun nutsar ya iso fa? Ki yi haƙuri, gobe ne." Ranar Alhamis na ɗaga igiya ɗaya na ga bakin rassan ya fara fari. Ranar Juma'a farin ya kai gindi.

Ya iso ranar Asabar, da mota uku. Ya tsaya a kan yashi aka riƙe masa lema, ya kalli tutoci ya ce abin ya burge shi. Aka kai shi ɗakin gansakuka, ya sa kai ta ƙofa, ya fito da sauri da hankici a hanci, domin ruwan ya daɗe da komawa rawaya yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Malaisami ya ce ai haka warin maganin yake, alamar ƙarfi ce. Aka nemi shugabar mata a yafa mata mayafin girmamawa, ba ta nan, sai aka yafa wa Banumadi, aka ɗauki hoto. Baƙon ya sha ruwan kwakwa ɗaya ya shiga mota. Duk zamansa bai kai dahuwar shinkafa ba.

Ranar Lahadi bas ta sauke Yaya Umayal da takardar shaida a hannu. Tun daga titi ta hango tutoci. Ba ta je gida ba. Ta miƙa wa wata yarinya takardar, ta nufi ruwa da sabon sarinta, ta shiga har ƙirji, ta ɗaga igiyar farko. Ciyawar ta sulale daga jikin igiyar kamar taliyar da ta dahu ta wuce, fara fat. Ta ɗaga ta biyu, ta uku. Ta bi gado goma sha ɗaya, sannan ta tsaya. Ina bayanta ina kuka ina cewa, "Yaya, na yi magana, wallahi na yi magana." Ta juyo ta dube ni. Sati guda ana koya mata magana, ranar ko kalma ɗaya ba ta ce ba. Ta fito ta wuce gida, ruwa yana ɗiga daga sarin.

Shi kuwa shugaba ko a jikinsa. A rumfar shayi ya ce zafin bana ne, duniya gaba ɗaya ta ɗumama, a jarida ma an rubuta. Gansakuka kuma 'yan mata ne ba su juya da kyau ba. Da 'yar birni ta zo ta ga ɓarna har idonta ya kawo ruwa, sai ya gaya mata cewa darasin da aka koya shi ne mata suna bukatar ƙarin kulawar maza. Mtsw. Ni ko kallonsa ba na iya yi a lokacin.

Yuni ya kama, iska ta dawo, ruwa ya yi sanyi, lokacin ɗauri ya yi, babu abin ɗaurawa. Matan ƙauyuka huɗu suka zo da kwandunansu kamar kullum, suka koma da su wayam. Mazan da suka sayi gora da igiya don su ma su shiga harka suka zauna suna kallon gorar tana bushewa. A gidana sai da muka koma kunun shinkafa da gishiri, ko busasshen kifi babu.

Wata safiya ina shara na ga Yaya Umayal zaune a bakin kwalekwale tana naɗe yatsunta da tsumma. Rabon da in ga haka na manta. Ta ce, "Ke, zo ki tuƙa ni." Ita ce magana ta farko da ta yi mini tun ranar. Na jefar da tsintsiya. Muka wuce gadaje, muka kai inda take zuwa gaishe da maigida. Ta sa tsohon tabarau ɗinta na ruwa, ta ja numfashi, ta nutse. Mace mai shekara sittin da uku, ruwa gaba biyu da rabi, ga shi ya gurɓace. Ta taso hannu wofi. Ta sake, ta taso hannu wofi, tana haki. Na ce, "Yaya, don Allah bari in je." Ta ce, "Ba ki san ƙullin ba." A na uku ta daɗe har na fara ihu. Sai ga ta da igiya a haƙori.

Na jawo igiyar cikin kwalekwale. Ciyawa ce baƙa-baƙa, mai ƙiba, mai tauri, tana ƙamshin teku. Ashe duk shekarun nan abin da take zuwa yi ke nan, ta ɗaure igiya biyu a jikin ƙarfen mijinta, can inda rana ba ta kaiwa sai kaɗan, ko da wani abu zai faru. Shekara goma sha takwas ba abin da ya faru sai da aka yi kwamiti. Ina murna ina dariya, sai na ga jini yana bin wuyanta daga kunnen dama. Ta shafa ta duba, ta wanke hannu a ruwa, ta ce in tuƙa mu koma.

A kan yashi ta yanka igiyar ta raba mana, mu da muke shiga ruwa, kowa ɗan abin da zai cika tafi biyu. Kafin ta gama labari ya kai rumfar shayi. Sai ga babur. Malaisami ya sauko baki har kunne yana cewa, "Yaya! Uwar gari! Na san ba za ki ba mu kunya ba. To yanzu sai a kawo irin hannun kwamiti a raba bisa tsari."

Sai da na maimaita mata da ƙarfi sannan ta gane. Ta ce, "Igiya biyu ce. Wannan ta mata ce, mun raba. Ɗayar tana can ƙasa, ta maza ce. Rabi da rabi. Shugaba ya zo da kansa in nuna masa wurin, ba aike."

Mutane sun taru, har da 'yar birni. Ba shi da hanyar gudu. Ya tattare farin zanensa, ya ɗaga hannun agogo sama, ya taka cikin ruwa zuwa inda kwalekwale yake. Ruwa ya kai gwiwa, ya wuce. Ya kai ƙugu, wata 'yar taguwar ruwa da ko akuya ba za ta kayar ba ta bugi cikinsa. Ya tsaya cak, ya duba agogo, ya ce af, ashe yana da taro a ofis ƙarfe goma. Wannan ne jiƙewar da na ce zan zo kanta.

Daga tafi biyu-biyun nan muka tayar da gadaje shida, daga shida muka koma ashirin, kafin shekara ta zagayo matan ƙauyuka huɗu sun dawo da kwandunansu. Mun tara sababbin duwatsu, guntun farantin kuma yanzu a hannuna yake. Rumfar giginya iska ta kwashe ta, ba wanda ya sake ɗagawa. Rabon maza yana nan a ƙasa, duk shekara ni nake nutsewa in rage shi in sake ɗaurewa, ya yi ƙiba abinsa yana jiran mai shi.

Allon shirin da ke bakin titi har yau sunan Malaisami ne a kai. Bana ma da aka yi taro ya riƙe lasifika ya ba da labarin yadda hangen nesan kwamiti ya ceci irin gari. Yaya Umayal tana zaune a gabansa, taku uku tsakaninsu, tana ɗaurin ciyawa tana gyaɗa kai. Ba yarda ta yi ba. Tun ranar nutson nan kunnen dama ya bi na hagu. Na sha zama kusa da ita in ce, "Yaya, ki yafe mini duwatsunki," sai ta dubi bakina ta ce, "Me? Miƙo igiyar can." Masu gulmarta kuma yanzu sun huta da neman hagu, ko'ina suka tsaya ɗaya ne.